Kura da Shan Bugu, Talabijin da Karɓar Kuɗi

Masu iya magana sun ce, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Karin maganar tsohuwa ce, kuma duk wanda ya taɓa kutsawa cikin da'irar 'yan kallo a wata kasuwa ta ƙasar Hausa ya san ba ƙage aka yi wa gardi ba. Sai dai waɗanda suka ƙaga ta, ɓangare biyu kaɗai suka gani a fage, wato mai duka da wadda ake duka. A yau an sami na uku, shi ne mai riƙe da kyamara. Shi ba ya taɓa kulki, ba ya jan sarƙa, amma ya fi gardi samun riba, ya kuma fi shi kuɓuta daga zargi.

Garin Wudil yana bakin kogi, tafiyar kamar kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Maiduguri. Ran Juma'a kasuwarsa take ci, kuma karar shanunta tana cikin waɗanda suka fi girma a Nijeriya. Fatake da makiyaya da dillalai suna haɗuwa a cikinta daga nesa da kusa, kafin rana ta faɗi an cika manyan motoci da shanu an nufi kudu da su. Irin wannan taro shi ne gonar gardi. Shi ba shi da rumfa, kasuwa-kasuwa yake bi, inda duk ya ga jama'a a nan yake ya da zango. Makaɗi ya saki ganga, yara su sheƙo a guje, manya su biyo baya kamar ba kallon ne ya kawo su ba. Sai ga gardi da warki da akayau, damatsa cike da guraye da layu, kulki a dama, sarƙa a hagu, a ƙarshen sarƙar kuwa ga kura an kulle mata baki da takunkumin igiya. A gefe ga bika an sa masa riga, ga mesa a cikin akwati. Wasan kansa talla ne kurum. Hajar ita ce magani, na tsari da na sarar maciji da na kwarjini, hujjar ingancinsa kuwa ita ce kurar nan da ke tsaye ba ta ci kowa ba.

Haka abin yake tun kaka da kakanni, amma a da wasan yana da iyaka. Kasuwa ta tashi, kallo ya ƙare. Wanda ya tsaya kuma ya ga komai da idonsa: ya ga tsallen, ya ga dukan, ya ga kumfar da ke dalala ta ƙarƙashin takunkumi, in mai tausayi ne ya juya ya kama gabansa. Yanzu kuwa kafin ganga ta yi nisa an ɗaga wayoyi sama, kafin magariba hoton ya zaga Facebook da TikTok, wani lokaci ma masu shirin al'adu na gidajen talabijin su ɗauko shi su cike gurbi da shi. Abin da mutum ɗari biyu suke gani a rana, yau dubbai ne suke gani, kuma ba abu ɗaya suke gani da mutanen kasuwa ba.

Akwai abin mamaki a nan. A cikin kara, dillali yakan dubi sa sau ɗaya ya karanta lafiyarsa kamar mai karanta allo. Ya duba damshin hanci, da kwanciyar gashi, da hasken ido, ya lura ko yana tuƙa ko ya daina, ya sa a ja shi ya ga takunsa. Babu mai ruɗinsa da dabba marar lafiya. Amma wannan gwanin, in ya tsaya gaban kura mai takunkumi, sai basirar ta ɓace masa, ya ga ta kwanta ya ce ta natsu, ya ji ta yi ƙara ya ce dariya take yi. Ba rashin hankali ba ne. Sa ya sani, kura kuwa labarinta kawai ya ji.

Wace Ce Kura?

Kurar tatsuniya kowa ya san ta: matsoraciya, mai haɗama, wawiya wadda Gizo ke yi wa wayo kullum, mai bin dare tana cin mushe. Kurar da masana ilmin dabbobi suka sani wata halitta ce dabam. Da farko dai, ko da yake ta yi kama da kare, ba danginsa ba ce. Ta fi kusa da kyanwa da tunku. Iri biyu ne a wannan yanki, kura mai dabbare-dabbare da kuma sayaki mai zane-zane, wanda ya fi ƙanƙanta ya kuma fi son zaman kaɗaici. Mai dabbaren ita ce gardawa suka fi yawo da ita.

A shekarun 1960 wani masani ɗan ƙasar Holan, Hans Kruuk, ya shafe shekaru yana bin kuraye da dare a dazuzzukan Serengeti da Ngorongoro na ƙasar Tanzaniya, ya fitar da sakamakon aikinsa a 1972. Abin da ya gano ya kifar da tsohon zance. Ashe kura mafarauciya ce ta gaske, mafi yawan abin da take ci ita ta kashe da kanta, har ma a Ngorongoro sau da yawa zaki ne ke zuwa ya ƙwace abin da kuraye suka kama. Tun daga 1988 kuma Kay Holekamp ta Jami'ar Jihar Michigan da ɗalibanta suke bin zuriyar kuraye a dajin Masai Mara na Kenya, uwa da 'ya da jika. Sun nuna cewa kuraye suna zama ne a dangi-dangi, dangi guda yakan kai kai 80, kowace ta san kowace, ta san matsayinta, ta san wadda za ta rusuna wa. Mata ne ke mulki, sun fi maza girma da ƙarfi, ɗiya kuma tana gadon matsayin uwarta kamar yadda ake gadon sarauta. Cikin kura yakan yi kwana kamar 110, ta haifi ɗa ɗaya ko biyu, idonsu a buɗe da haƙoransu, ta shayar da su fiye da shekara. Kukan nan nata mai tashi sama da ake ji da tsakar dare kira ne ga 'yan'uwa, yana iya kai wa kilomita 5, kuma suna gane muryar juna da shi.

Batun wauta ma bai tsira ba. A wani gwaji da Christine Drea da Allisa Carter suka buga sakamakonsa a 2009, an rataye abinci ta yadda ba zai faɗo ba sai kuraye biyu sun ja igiya biyu a lokaci guda. Kurayen suka gane dabarar ba tare da an koya musu ba, har wadda ta ƙware takan daidaita motsinta da na baƙuwar da ba ta iya ba.

To, sai dariya. Binciken da aka yi kan muryoyin kuraye, ciki har da wanda aka buga a 2010 kan waɗanda ake ajiye da su a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya nuna cewa wannan ƙyaƙyatawa sauti ne na takaici da damuwa, wanda kura ta fi yi sa'ad da wadda ta fi ta ta matsa mata ko aka hana ta abinci. Haka kuma yaƙen da bika ke yi, ya ja leɓɓa baya haƙora su bayyana, wanda 'yan kallo ke fassarawa da murmushi, a wurin birai alama ce ta tsoro da miƙa wuya. Ke nan a daidai lokacin da fage ya kaure da shewa, dabbobin biyu suna faɗin halin da suke ciki da iyakar ƙarfinsu, babu dai mai jin harshensu.

Yanzu mai karatu ya auna da kansa. Ga dabba mai yawon dare, wadda da rana take neman kogo ko taɓo ta kwanta don ta huce, an tsayar da ita cikin zafin azahar. Ga mai rage zafin jiki ta hanyar haki, an ɗaure mata baki. Ga mai tafiyar kilomitoci a dare guda, an taƙaita duniyarta ga tsawon sarƙa. Ga mai dangi, an raba ta da kowa nata, domin kurayen wasa ba a gida ake haifarsu ba, daga daji ake kamo su. Wannan ya kawo bambancin da ya kamata a fahimta tsakanin dabbar gida da dabbar da aka hore. Shanun da ke karar Wudil, kakanninsu sun shiga hannun ɗan'adam ne tun wajen shekaru 10,000 da suka wuce, ana zaɓen masu sanyin hali ana barin su su hayayyafa, har rashin tsoron mutum ya shiga jininsu. Kurar gardi kuwa jiya-jiya ta baro daji. Duk abin da aka halicce ta da shi yana nan, danne shi kawai aka yi, kuma ba a danne irin wannan hali sai da yunwa ko duka ko gajiya.

Idan dabba ta firgita, jikinta yakan saki wasu sinadarai, ciki har da wanda ake kira kotisol, don ta sami ƙarfin gudu ko faɗa. Wannan rahama ce in firgicin na ɗan lokaci ne. In kuwa ya zama kullum, ba gudu ba faɗa, sai sinadarin ya koma cuta, ya raunana garkuwar jiki, ya hana rauni saurin warkewa, ya taɓa haihuwa. Ana iya auna wannan a jini, har ma a kashin dabba ba tare da an taɓa ta ba. Akwai kuma alamun da ido ke gani, kamar kai da komowa a wuri guda ba fasawa, ko kaɗa kai, ko cizon jiki. Mafi ruɗarwa daga cikinsu ita ce kwanciya shiru. A 1967 Martin Seligman da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa dabbar da aka yi ta azabtarwa ta hanyar da ba ta da ikon kaucewa, a ƙarshe takan daina yunƙuri, ko an buɗe mata ƙofa ba ta tashi. Gwajin nasu kansa, da karnuka da wutar lantarki, ba abin alfahari ba ne ga kimiyya, amma darasinsa ya tabbata. Kurar da aka ɗora wa yaro a baya ta ƙi motsi ba amincewa ta yi ba, ɗebe tsammani ta yi. Shi ma yaron ba a yi masa adalci ba, domin kura tana iya ɗaukar ciwon haukan kare, muƙamuƙinta kuma yana farfasa ƙashin sa, igiya ce kaɗai tsakaninsu.

Abin da Kyamara Ke Ƙarawa

Siffar gardi da kurarsa ta fita duniya ne sosai ta hannun wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, wanda ya zo Nijeriya a 2005 ya zauna da wata ƙungiyar gardawa a bayan garin Abuja, ya sake dawowa a 2007. Ɗaya daga cikin hotunansa ya ci lambar farko a gasar World Press Photo ta 2006. Daga nan masu ɗaukar shirye-shirye na ƙasashen waje suka yi ta zuwa neman "mutanen kura", har a 2011 aka ga kuraye a sarƙa cikin bidiyon wata waƙa ta Beyoncé. Abin da ya fara a matsayin tallan magani a kasuwar ƙauye ya zama ado.

Illar farko ta kyamara ita ce tana da almakashi. Mai shirya fim yana yanke abin da zai ɓata wa mai kallo rai, ya bar tsalle da kiɗa. Ba a nuna yadda aka kamo dabbar, ba a nuna daren da ta kwana a bayan mota, ba a nuna abin da aka yi mata kafin ta yarda ta yi abin da ake so. Sa'an nan kyamara ba ta ƙoshi da yi ɗaya. In haske bai yi ba a sake, in kurar ba ta yi tsalle ba a tsokane ta, in ta yi sanyi a zungure ta, domin kura a kwance ba ta sayar da shiri. Gardi a kasuwa yana da dalilin lallaɓa dabbarsa, tun da ita ce jarinsa na gobe. Baƙon da ya biya kuɗin yini guda ba shi da wannan dalili.

Wannan ba sabon ciwo ba ne, kuma ba a ƙasar Hausa ya fara ba. Wajen ɗaukar fim ɗin Jesse James na 1939 a Amurka, an tura doki daga kan dutse ya faɗa ruwa ya mutu, hayaniyar da ta biyo baya ita ta sa daga 1940 aka ba wata ƙungiyar kare dabbobi damar sa ido a wuraren ɗaukar fim. A 1958 kamfanin Disney ya fitar da White Wilderness, fim ɗin da aka ce na ilmi ne, inda aka nuna wasu ƙananan ɓeraye na ƙasashen ƙanƙara, ana ce musu lemin, wai suna tururuwa suna faɗawa teku don su kashe kansu. Fim ɗin har lambar Oscar ya ci. Sai a 1982 gidan talabijin na ƙasar Kanada ya tona asiri: sayo ɓerayen aka yi, aka kai su bakin wani kogi, aka ingiza su. Lemin ba ya kashe kansa, amma har gobe akwai masu ilmi da suka yarda yana yi, saboda sun gani da idonsu. A 2009 kuma, a wani shirin gasa na gidan ITV na Ingila da ake ɗauka a dajin Ostareliya, 'yan gasa biyu suka kashe ɓera a gaban kyamara suka dafa. A 2010 kotu ta ci gidan tarar dalar Ostareliya 3,000. Tarar ba ta taka kara ta karya ba in an gwada da kuɗin tallan da shirin ke samu, amma ta kafa hujja cewa laifin na mai shirin ne. Sai a 2019 shirin ya daina sa mutane cin ƙwari da ransu.

Labarin lemin ya nuna illa ta biyu, wadda ta fi dacewa mujallar kimiyya ta damu da ita: allo malami ne, kuma in ya koyar da ƙarya tana daɗewa. A 2008 Stephen Ross da abokan aikinsa na gidan namun daji na Lincoln Park a Chicago suka buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa masu ziyara. Kashi 95 cikin ɗari sun san gorila tana fuskantar barazanar ƙarewa, amma kashi 66 ne kawai suka san haka game da birin cimfanzi, alhali shi ma yana cikin haɗarin. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne, ai kullum ana ganinsa a talabijin da tallace-tallace, sanye da riga. Yaron Wudil da bai taɓa jin kukan kura da dare ba, kamar yadda kakansa ya ji, amma yana ganin ta a waya kowane mako, me zai sa ya yi zaton ta yi ƙaranci? Kuma me zai koya game da ita, ban da cewa abar ja ce a sarƙa?

Dabba ta zama abin raha ke nan, ko tana nan ko ba ta nan. A watan Yuni na 2019 labari ya zaga duniya cewa gwaggon biri ya haɗiye kusan naira miliyan 7 a gidan namun daji na Audu Bako da ke Kano. Kafofin watsa labarai na gida da waje suka yi ta nishaɗi da shi, har gwamnan jihar na lokacin ya fito ya ce babu ma irin wannan biri a gidan. Kwanaki aka yi ana dariya, da ƙyar aka sami mai tambayar yadda dabbobin da ke ciki da gaske suke ci suke kwana.

Masu Cewa Al'ada Ce

Za a ce wasan kura gado ne, kuma abincin wasu ne. Gaskiya ne, kuma duk mai son ya yi magana a kan wannan batu dole ya fara da amincewa da haka. Gardi ba attajiri ba ne. Yana da iyali, yana da sani na daji wanda ɗalibin jami'a ba shi da shi, sau da yawa kuma yana da shaƙuwa da dabbarsa irin tasa. Shi kansa Hugo ya koka cewa Turawan da suka ga hotunansa halin dabbobin kawai suke tambaya, ba mai tambayar abin da ya sa mutum a ƙasa mai arzikin man fetur sai ya kama kura kafin ya ci abinci. Wannan ƙorafi yana kan hanya. Abin da ya sa ke nan nauyin ya fi hawa kan mai kyamara, wanda yake da albashi da ilmi da zaɓi, fiye da kan mai kulki.

Za a kuma ce, mutane ma suna cikin wahala, wa ke ta kura? Amma tausayi ba hatsi ba ne da zai ƙare in an ɗiba. Yaron da aka koya wa yin shewa sa'ad da ake dukan abin da ba ya iya ramawa, ba a kan kura kaɗai darasin zai tsaya ba. Kuma ba kura ce kaɗai ke da ƙara ba. Shanun da ake cusawa a mota daga kara, su yi doguwar tafiya zuwa kudu a takure cikin rana, su ma suna da tasu, sai dai wannan zance ne na wata rana.

Masu cewa tausayin dabba ra'ayin Turawa ne da aka shigo da shi, su ne suka fi kowa kuskure. Lalle a 1789 Jeremy Bentham na Ingila ya kawo hujjar cewa abin dubawa game da dabba shi ne ko tana jin azaba, ba ko tana tunani ko magana ba. A 1965 kuma kwamitin Brambell ya share fagen abin da aka sani yanzu da 'yanci biyar na dabba, wato kuɓuta daga yunwa da ƙishirwa, da takura, da ciwo, da tsoro, da kuma samun damar yin halinta na asali. Amma fiye da shekara dubu kafin Bentham, an riga an karantar da Musulmi wannan. Kowane almajiri ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Buhari da Muslim sun ruwaito yadda Abdullahi ɗan Umar ya tarar da samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya sanar da su cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai yin haka. Abu Dawuda kuma ya kawo labarin sahabban da suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a halin tafiya, uwar ta zo tana ta fuffuka, aka umarce su su mayar mata. A lura, samarin nan ba yunwa ta sa su ba, wasa suke yi. Tsuntsuwar nan kuma ba ta gida ba ce, ta daji ce. Shari'a ta halatta yanka don ci da kisa don kare kai, ba ta halatta azaba don nishaɗi ba.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi hukunci ga mai azabtar da dabbar gida ko dabbar daji da aka riga aka kama. Akwai dokar 1985 ta kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016. Akwai Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa tun 1992, ga Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano tun 2001. Ita ta biyun an fi sanin ta da sa ido kan sutura da rawa da kalamai. Ba wani abu mai wuya ba ne ta ƙara tambaya guda a kan kowane fim ko shiri da dabbar daji ta fito a ciki: daga ina aka samo ta, kuma me aka yi mata kafin ta yi abin da ake gani? Ingila tun 1937 take da dokar hana nuna fim ɗin da aka azabtar da dabba wajen ɗaukarsa.

Sai dai doka ita kaɗai ba ta raba mutum da abincinsa. A Indiya akwai wata al'umma ta Musulmi, Kalandar, waɗanda suka shafe ɗaruruwan shekaru suna rawa da wata dabbar daji mai gashi da manyan farata, ana ce mata beya. Sukan huda hancinta da ƙarfe mai zafi tun tana ƙarama su zura igiya, in an ja sai ta miƙe don zafi, 'yan kallo su ce rawa take. Dokar 1972 ta haramta wannan, amma aka ci gaba da yi shekara da shekaru, domin ba a ba mutanen wata sana'a ba. Sai da ƙungiyar Wildlife SOS da abokan aikinta suka bi ta wata hanya: wanda ya miƙa dabbarsa a ba shi jari ya kama wata sana'a, a sa 'ya'yansa a makaranta, wasu ma a ɗauke su aikin kula da dabbobin a inda aka tsugunar da su. A watan Disamba na 2009 aka karɓi ta ƙarshe da aka sani, bayan an ceto fiye da 600.

Wudil tana da abin da ake bukata don gwada irin wannan. A garin akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda ta fara aiki a 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022, kuma ana karantar da ilmin halittu da na gandun daji da namun daji a cikinta. Gardin da ya san sawun kura, ya san kogonta da lokacin haihuwarta, malami ne ga mai bincike, kuma ya cancanci a biya shi ladan wannan sani maimakon ladan kulki. Gidan talabijin da ke neman abin nunawa kuwa bai rasa ba. A birnin Harar na ƙasar Habasha, tsohon birnin Musulunci mai ganuwa, kuraye suna zuwa bakin gari da dare da ƙafarsu, a ba su nama, su koma daji. Masu kallo suna zuwa daga ko'ina, ba sarƙa ba takunkumi. A nan gida, ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Wudil shi ne yake gangarawa fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai kowace hunturu. Ga dajin Falgore a kudancin jihar, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, ga Yankari a Bauchi da giwayenta. Akwai ƙananan kyamarori da ake ɗaurewa a jikin bishiya, masu ɗaukar hoto da kansu in dabba ta gifta ko da cikin duhu ne, kuma kuɗin guda bai kai na babbar wayar hannu ba. Goma daga cikinsu a bakin mashaya, da ɗalibai biyu da tsohon gardi guda mai nuna musu inda za su kafa, sun isa a fara shirin farko da Hausa kafin damina ta sauka.